Kundin aikin "Ganuwa", wasan allo kan yaƙin Kano na 1903

Asabar, 4 ga Janairu 2025

'Yan majalisarmu sun ce sun gaji da jin labarin wasan nan da baki, in dai da gaske nake in fara su gani. To yau an fara, kuma a nan zan riƙa rubuta abin da ake ciki. Wasan na mutum biyu ne. Ɗaya zai riƙe birnin Kano, ɗaya zai riƙe rundunar Turawan Ingila da ta taso daga Zariya a ƙarshen Janairun 1903 ƙarƙashin Kanar Morland, wadda ta shiga birni ranar 3 ga Fabrairu. Kafin a samu sunan da ya fi, "Ganuwa" nake ce masa.

Mu wasannin zaune da muka tashi da su dara ce, da lido, da dirafti, sai karta. Irin wannan na ja da runduna a kan taswira ya daɗe a wajen Turawa. Tun 1824 sojojin Furushiya, tsohuwar daular Jamusawa, suke horar da hafsoshinsu da wanda suke kira Kriegsspiel, ɓangare biyu da alƙali a tsakiya. Wasu a nan sun san Risk, wanda ya fito a Faransa a 1957, amma shi ba ruwansa da tarihi, wanda ya fi tara 'ya'ya shi ke cinye duniya. Ni wanda nake so shi ne wanda in ka tashi daga kansa za ka gane abin da ya sa aka yi abin da aka yi a wancan lokacin.

Na je 'Yan Katako a Na'ibawa na sayi rabin filawud ₦9,500. Kafintan layinmu zai yanka shi biyu ya haɗa yadda zai riƙa ninkuwa, ₦4,000.

Talata, 7 ga Janairu

Da safe na shiga Gidan Makama don in ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofi da kayan yaƙi da idona, lifidi da sulke da sauransu. Daga nan na hau adaidaita sahu na bi titin BUK tun daga Ɗan Agundi har Kabuga, ina sauka ina duba abin da ya rage na badala. A wasu wuraren tudun ƙasa ne kawai da bola a kai, wasu wuraren kuma shaguna sun cinye. Wannan maganar wata rana ce.

Abin da na yanke game da taswira: ƙofofi goma sha uku zan zana. Nasarawa, Ɗan Agundi, Na'isa, Gadon Ƙaya, Dukawuya, Kabuga, Kansakali, Waika, Dawanau, Ƙofar Ruwa, Mazugal, Wambai da Ƙofar Mata. Sabuwar Ƙofa da Ƙofar Famfo ba za su shiga ba, don daga baya aka buɗe su. Kewayen ganuwa zan sa gwalalo, wanda duk ɗan wasan da ya faɗa cikinsa sai ya rasa tafiya ɗaya.

Wani abin da masu kallon Kano ta yau ba sa kawowa a ransu shi ne, a wancan zamanin ba duk cikin ganuwa ne gidaje ba. Ɓangaren yamma gonaki ne da fili, jama'a sun fi taruwa wajen Dala da Kurmi da Gidan Rumfa. Ke nan wanda ya fasa Kabuga da sauran tafiya a gabansa kafin ya kai fada. A allo wannan filin zai ci gida shida, kuma ina jin a nan wasan zai fi zafi. Dala da Goron Dutse za su zama wuraren hange: wanda ya sa ɗansa a kai zai iya buɗe 'ya'yan abokin karawa biyu da ke kife.

Alhamis, 9 ga Janairu

Zane a kwamfuta kawai, tsakanin ɗauke wuta da kawo wuta. Gidajen allon masu kusurwa shida ne, kamar saƙar zuma, don tafiya ta kowace fuska ta zama tsawonta ɗaya. A gida mai kusurwa huɗu irin na dirafti, mai tafiya a karkace ya fi mai tafiya miƙe cin ƙasa.

Yara sun fara tara mini murfin lemo. Ja na Turawa, kore na Kanawa.

Litinin, 13 ga Janairu

Ranar ɓacin rai. Na karɓo taswirar daga wajen mai bugawa, wanda ba zan faɗi shagonsa ba. A kan ledar bana aka buga, ₦7,000, kuma a naɗe ya ba ni, sai da na zo gida na warware. Abu biyu suka lalace. Na farko, yaron da ke kan kwamfutarsu ya ja hoton ta gefe don ya cika faɗin ledar, sai gidajen suka miƙe suka zama dogaye. Murfin lemo ba ya zama a ciki, yana hawa layin gidan sama da na ƙasa. Birnin kansa ya koma wani dogon abu, Kabuga ta yi nisa da Ƙofar Mata fiye da kima. Na biyu, duk inda akwai ƙ ko ɗ injinsu ya buga ɗan akwati a wurin. Ƙofa goma sha uku, akwati goma sha uku, har da ƙari a Ɗan Agundi da Gadon Ƙaya.

Na koma bayan la'asar. Maigidan ya ce, "Alhaji, ai abin da ka turo shi muka buga." Na buɗe masa fayil ɗin a wayata, na ajiye murfin lemo a kan ledar, na ce ya duba da kansa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya kira yaron ya yi masa faɗa sama-sama, irin na a gaban mai kaya. Ƙarshe dai muka tsaya a kan zai sake bugawa in biya rabi, ₦3,500, kuɗin leda. Wannan karon na mayar da rubutun duka ya zama hoto, na kuma zana layi mai tsawon santimita 10 a gefen taswirar, na ce kafin a yanke a ɗora ruler a kai. Duk mai shirin buga abu da haruffan Hausa ya riƙe wannan dabarar.

Tsohuwar ledar ba ta tafi a banza ba, Hajiyarmu ta karɓe tana shanya kuɓewa a kai.

Juma'a, 17 ga Janairu

Sabon bugu ya yi daidai. Sai kuma hunturu ya sa baki: filawud ɗin ya bushe ya ɗan bankare ta gefe ɗaya, gam kuma yana bushewa kafin in gama shimfiɗa ledar. Kafinta ya buga masa siraran katako ta baya, ₦1,500. Manna ledar sai da dare na yi, kaɗan-kaɗan, ina bi da tsumma. Gam, samfefa da fenti sun ci ₦5,200.

Asabar, 18 ga Janairu

Gwajin farko, a soron gidanmu bayan isha'i. Abokina mai gyaran waya a Farm Centre ya riƙe Turawa, ɗan yayata da ke aji biyar a sakandare ya riƙe Kano. Ni ina gefe da littafi da biro.

Yadda na tsara ƙarfin kowane ɓangare daga tarihi na ɗauko. Morland ya zo da sojoji kusan 800, yawancinsu 'yan ƙasa ne ƙarƙashin hafsoshi Turawa, da igwa huɗu da bindigar Maxim huɗu, wato bindiga mai jigida. Kano kuma ba Sarki a gari. Sarki Alu ya tafi Sakkwato da manyan hakimai da dawakai masu yawa, bayan rasuwar Sarkin Musulmi Abdurrahman a 1902 da naɗa Attahiru. Waɗanda aka bari su tsare gari, Sarkin Shanu na cikin manyansu, kuma a kare fada ya rasu. Don haka mai riƙe Kano yana da 'yan baka da 'yan bindiga da dakaru da 'yan lifidi kaɗan, ga ƙofa goma sha uku da zai raba su a kai.

Ba a yi rabin awa ba aka gama. Abokina ya jera igwa a gaban Kabuga, ya fasa ƙyaure a tafiya ta uku, ya sa Maxim ta share kan badala, ya shige. Suka sake, haka. Suka yi musanyar wuri, yaron ya riƙe Turawa, shi ma ya ci cikin sauƙi. Da ya koma Kano ya sake shan kashi sai ya ture murafen ya ce, "Kawu, wannan ai ba wasa ba ne, yanka ne. Ka ƙara wa 'yan lifidi ƙarfi mana, su riƙa cin Maxim ko sau ɗaya a uku."

Abokina ya goyi bayansa. Ya ce wa zai zauna ya yi wasan da an san Kano ce za ta faɗi? A ba mutane abin da zai faranta musu.

Na ƙi, kuma har yanzu ina kan bakana. In na sa doki ya ci Maxim a fili, yaron nan zai tashi da tunanin cewa kakanninmu sakaci suka yi ko tsoro suka ji, tunda ga shi shi ya yi nasara da kayan da suke da su. Alhali a Kwatarkwashi, a ƙarshen Fabrairun shekarar, mahayan Kano da ke dawowa daga Sakkwato sun yi ta kai hari kan 'yan tsirarun sojoji da suka tsaya a tsari mai kusurwa huɗu, ba su fasa su ba, kuma a nan Waziri Ahmadu ya rasu. Ba jarumta aka rasa ba. Wasan da zai ɓoye wannan ƙarya yake koyarwa. Amma maganar yaron ma gaskiya ce, abin da muka yi daren nan ba ya zaunuwa. Gyaran ba a ƙarfin 'ya'ya yake ba, a ma'anar cin wasa yake. Zan kwana a kai.

Laraba, 22 ga Janairu

Kawuna, ƙanin mahaifiyarmu, ya shigo ya tarar da allon a shimfiɗe da 'yan lido biyu a kai, ƙwayoyin nan masu ɗigo da ake jefawa. Ya tsaya ya karanta sunayen ƙofofin ɗaya bayan ɗaya, ya gyara mini inda Jakara ta bi, har ya ji daɗi. Da idonsa ya kai kan 'yan lidon sai fuskarsa ta canza. Ya ce, "Kai, wannan fa? Caca za ka shigo mana da ita gida da sunan tarihi?" Na ce, "Allah ya ƙara maka lafiya, Kawu, ba kuɗi a ciki." Ya ce ko babu, akwai hadisi a Muslim kan wasan nardi, kuma malamai da yawa sun haɗa jefa irin wannan ƙwaya da shi. Ya ce shi dai ba zai zauna a kai ba, ba kuma zai bar 'ya'yansa ba.

Fatawa ba aikina ba ce. Amma wasan da nake so ya shiga gidajen cikin birni, in dattawa suna kawar da kai daga gare shi, ina zai je? Na cire 'yan lidon. Yanzu kowane ɗan wasa yana da alluna shida ƙanana masu lamba 1 zuwa 6. In an yi arangama, kowa ya kife ɗaya, a buɗe tare, a haɗa da ƙarfin rundunar da ke wurin. Wanda ka yi amfani da shi ba ya dawowa hannunka sai ka ƙarar da duka shidan. Ba sa'a a ciki, sai lissafi da karanta zuciyar abokin karawa: ya riga ya kashe 6 ɗinsa a Dukawuya, to yanzu me ya rage masa? Ni a ganina ma wasan ya fi daɗi a haka.

Lahadi, 26 ga Janairu

Ban taɓa "Ganuwa" ba. Yaran gidan sun dame ni wai nasu fa, shi ya sa na ɗauki allunan lambar nan na haɗa musu ɗan wasan dambe da ake gamawa cikin minti goma. Turmi uku, kamar yadda ake yi a fili. Kowa yana da hannun duka da hannun kariya, ya kife lamba ɗaya a kowanne. In dukanka ya haura kariyar abokin karawa da uku ko fiye, ka yi kisa, wasa ya ƙare. In ba haka ba a tafi turmi na gaba, in turmi uku suka cika babu kisa a raba. Kowa ya zaɓi ɓangarensa, Arewa ko Kudu ko Guramaɗa. Na ƙara katin makaɗi guda ɗaya: sau ɗaya a wasa za ka iya jefa shi ya ƙara wa dukanka biyu, amma kariyarka ta ragu da biyu, don wanda aka yi wa kirari ba ya tuna garkuwa.

A Amurka akwai Strat-O-Matic tun 1961, inda kowane ɗan wasan ƙwallon baseball yake da katinsa da aka gina a kan alƙaluman wasanninsa na gaske. Da damben gargajiya yana da rubutaccen lissafi irin wannan, da abin da za a yi da shi ba kaɗan ba ne. Nawa 'yan damben ba su da suna, laƙabi yaran suke ba su da kansu. Ihun da suka yi har sai da aka leƙo daga cikin gida.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Sabbin dokoki, kuma yau ne na fara jin aikin zai yiwu.

Cin wasa ba ya nufin riƙe birni har abada. Mai riƙe Turawa dole ya kai fada kafin tafiya ta goma ta cika, kuma da sauran harsashi a hannunsa. In tafiya goma ta wuce bai kai ba, ko harsashinsa ya ƙare, Kano ta ci, ko da rabin gari na hannunsa. Wato ana auna ka ne da abin da ya faru a tarihi: ka fi su jinkirta abokan gaba, ko ka gaza su?

Harsashin kuwa na mayar da shi tsakuwa ashirin. Duk harbin igwa ko Maxim tsakuwa ɗaya ce, kuma tsakuwoyin suna kan 'yan dako ne, murafe farare da ke bin runduna a baya. Haka abin yake a lokacin, ba mota ba jirgin ƙasa, komai a ka ake ɗauka tun daga Zariya. Dawakan Kano in suka fuskanci Maxim sun hallaka, wannan ban taɓa ba. Amma in suka fita ta wata ƙofa suka zagaya suka faɗa wa 'yan dako, kowane farin murfi da suka tarwatsa tsakuwa uku ta tafi. Sai mai riƙe Turawa ya shiga tsaka mai wuya: ya bar Maxim ɗaya a baya tana gadi, ko ya kawo duka gaba ya yi sauri?

Ganuwar kanta igwa ba ta fasa ta, sai ƙyaure. Wannan ma daga tarihi ne, don sun fara gwada Dukawuya ba su samu yadda suke so ba, sannan suka koma Kabuga. Na ba mai riƙe Kano damar toshe ƙofa uku da ƙasa a ɓoye tun kafin a fara. Ya rubuta sunayensu a takarda ya kife. In ka ɓata harsashi a kan toshasshiyar ƙofa, asararka.

Ɗan yayata ya toshe Kabuga da Dukawuya da Gadon Ƙaya. Abokina ya ƙona tsakuwa bakwai kafin ya gane, ya zagaya Na'isa ya fasa, amma dawakai sun fita ta Kansakali sun cinye masa 'yan dako biyu. Ya isa bakin fada a tafiya ta tara da tsakuwa ɗaya tak, kuma lambar da ta rage a hannunsa 2 ce. Yaron ya ajiye 5 tun farko yana jira. Na ga lokacin da ya kife ta, hannunsa har rawa yake. Kano ta ci. Bai yi ihu ba, sai ya ce, "Kawu, ashe da Sarki yana gari da dawakan nan duka fa?"

Na ce wannan tambayar ita ce mataki na gaba.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Shekara 122 cif. Ba a yi wasa ba, na rubuta dokokin da kyau, shafi huɗu.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Wata matsalar da ba ta cikin doka: ba mai son riƙe Turawa. An taru mutum shida, kowa Kano yake so. Wani malamin firamare da ke zuwa majalisarmu ya ce shi ba zai zauna ya harba igwa a Ƙofar Na'isa ba, unguwarsu ce. Dariya aka yi, amma da gaske yake. Maganin da muka samu shi ne zama ɗaya wasa biyu ne, a yi musanya, a kwatanta wanda ya fi daɗewa da Kano a hannunsa. Ta haka ko kana riƙe da jan murfi, Kanonka kake karewa.

Mun gwada zaɓin barin Sarki a gari. Dawakai sun yi yawa, 'yan dako ba sa kai labari, Turawa ba sa ko isa gwalalo. Ya yi sauƙi fiye da kima, kuma ban yarda haka za ta kasance ba. Dole zaman Sarki ya zo da farashinsa, don ƙin zuwa yi wa sabon Sarkin Musulmi mubaya'a ba ƙaramin abu ba ne, balle ga Alu da ya hau mulki ta hanyar yaƙin basasar da aka yi da Tukur daga 1893 zuwa 1895. Ina tunanin in Sarki ya zauna, tafiyar da Kano za ta jure ta tashi daga goma zuwa sha huɗu, kuma Turawa su samu ƙarin 'yan dako a tsakiyar wasa.

Malamin ya kawo shawarar a yi wasa na biyu kan basasar kanta, Tukurawa da Yusufawa, ɓangaren Alu, daga Takai zuwa Tafashiya. A fannin wasa ya fi wannan daidaito, ƙarfi kusan ɗaya, makami iri ɗaya. Amma jikokin ɓangarorin biyu suna nan cikin gari, wasunsu muna sallah sahu ɗaya. Na ce a bar shi tukuna.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

An yi wa allunan lamba da katunan dambe laminatin, ₦6,000. Na ba wani baduku a Kurmi aikin jakar zuba murafe da tsakuwa, ₦4,500, sai mako mai zuwa.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Jaka ta iso, jar fata da zare kore, ta fi abin da ke cikinta kyau. Kawu ya zo ya zauna ya kalli wasa guda har ƙarshe. Bai taɓa ba, amma sau biyu yana ce wa ɗan yayata, "Kai yaro, ka bar Waika a buɗe."

Jimillar abin da aka kashe zuwa yau ₦41,200. Murafen lemo suna zamewa in an ɗan taɓa allon, kuma takardar da na manna a kansu ta fara ɓarewa, don haka zan nemi mai sassaƙa ya yi mini 'ya'ya na itace, guda sittin, in farashin bai fi ƙarfina ba. Dokar toshe ƙofa tana buƙatar gyara, don yanzu kowa ya gane ƙofofin kudu da yamma ake toshewa, mai riƙe Turawa sai ya wuce kai tsaye Nasarawa. Wataƙila in sa zagayen ya ci masa tafiya biyu.

Azumi na bakin ƙofa, majalisar dare za ta koma ta tafsiri da tarawihi, don haka gwaji ya tsaya sai bayan sallah. A cikin watan zan zana taswira ta biyu a takarda, hanyar Zariya zuwa Kano ta Bebeji, inda aka fara gwabzawa kafin a iso birni, in ga ko za ta haɗu da allon farko ba tare da wasan ya wuce awa ɗaya da rabi ba. Wasan damben kuma zan buga kwafi biyar in raba wa yaran maƙwabta da sallah, in ji ƙorafin da za su dawo da shi.